Gudawar Rota a Ƙananan Yara: Yadda Ake Gane Ta, Jinyarta a Gida, da Lokacin Garzayawa Asibiti

Yawancin iyaye sun ɗauka gudawar yara ciwon damina ce. Akwai gaskiya a ciki, don kwalara da atini sun fi yaɗuwa idan ruwa ya sauka ya jagwalgwala rijiyoyi da kwatoci. Amma gudawar da ta fi kowace kwantar da ƙananan yara a asibiti ba ta jiran damina. Tana nan duk shekara, kuma a yankinmu ta fi ƙarfi da rani, musamman lokacin sanyi, daga ƙarshen kaka har hunturu ya wuce. Ƙwayar cutar da ke kawo ta ita ce rota, irin bairos ce, ba bakteriya ba. Wata masaniya mai suna Ruth Bishop da abokan aikinta ne suka gano ta a hanjin yara a birnin Melbon na Ostireliya a 1973.

Babu maganin da ke kashe rota. Jiki ne ke korar ta da kansa cikin kwana 3 zuwa 8. Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki kafin kwanakin su cika. Saboda haka duk jinyar ta rataya ne a kan mayar da ruwa da gishirin da suka fita, da sauri fiye da yadda suke fita.

Yawanta a gadon asibiti

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wasu zaɓaɓɓun asibitoci a ƙasashe da yawa inda ake ɗibar kashin duk yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da aka kwantar saboda gudawa mai ruwa, a gwada. Daga 2008 zuwa 2016, a ƙasashen da ba su fara rigakafin rota ba, an samu rota a kashi 38 cikin 100 na waɗannan yara. A ƙasashen da suka fara, adadin ya sauko zuwa kashi 23. A Jamhuriyar Nijar, binciken da aka yi a Yamai da jihar Maraɗi daga 2010 zuwa 2012 a kan yara fiye da 9,000 masu gudawa da alamun ƙarewar ruwa ya sami rota a kimanin kashi 30 cikin 100. A Inugu, a kusan shekarun nan dai, fiye da rabin yaran da aka gwada ne ke ɗauke da ita, mafi yawansu ba su cika shekara ba. An ƙiyasta cewa a 2013 rota ta kashe yara kusan 215,000 a duniya, kuma ƙasashe huɗu, Indiya, Nijeriya, Fakistan da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, su suka kwashi kusan rabin wannan adadi. Nijeriya kaɗai tana da kashi 14 cikin 100.

A lura da yadda ake karanta waɗannan alƙaluma. Ba wai kashi 38 na duk gudawar da yara ke yi a gari rota ce ba. Kashi 38 ne na waɗanda ciwon ya kai su ga kwanciya. A cikin unguwa rabonta bai kai haka ba. Tana ƙaruwa ne gwargwadon tsananin ciwon, domin ita ce mai haɗa amai da gudawa a lokaci guda. Kuma asibitin da ya ɗebi samfurinsa a watannin sanyi kawai zai ba da adadi mai yawa, wanda ya ɗeba da damina ya ba da kaɗan. Shi ya sa sahihin ƙidaya sai an yi wata 12 cur ana ɗiba. Ana kuma ɗibar kashin cikin awa 48 na farko da kwantar da yaro, don bayan nan zai yiwu a cikin ɗakin jinyar ya kwashi cutar daga gadon maƙwabcinsa.

Kafin zuwan rigakafi, kusan kowane yaro a duniya, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, sai ya kamu da rota kafin ya cika shekara 5. Kamuwar farko ita ce mai zafi. Na baya sukan zo da sauƙi. Jariri ɗan ƙasa da wata 3 yakan samu kariya daga garkuwar da ya gada ta mahaifa da ta nono. Haɗarin ya fi yawa daga wata 6 zuwa shekara 2, kuma a ƙasashenmu yakan faɗo da wuri, kafin shekara ta cika. Wannan shi ne daidai lokacin rarrafe, fara cin abinci da fitar haƙori, shi ya sa ake ɗora wa haƙori laifin da ba nasa ba. Haƙori yakan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. Ba ya sa yaro ya yi zawo sau goma a wuni.

Abin da take yi a ciki

Cikin ƙaramin hanji akwai ƙananan tsirorruka masu yawa, kamar gashin tawul, su ne ke tsotse ruwa da abinci. Rota tana shiga ƙwayoyin da ke kan waɗannan tsirorruka ta lalata su, sai tsotsar ta ragu. Sukarin madara da bai narke ba ya zauna a hanji yana janyo ƙarin ruwa. Ga kuma wani sinadari da ƙwayar ke fitarwa wanda ke sa hanjin ya riƙa zubo ruwa da kansa. Sakamakon shi ne kashi tsululu, mai yawa, sau da yawa mai tsami, wanda kan cinye fatar ɗuwawun yaro.

Daga kamuwa zuwa fara ciwo kwana 1 zuwa 3 ne. Yawanci amai ke fara zuwa, da zazzaɓi, sannan gudawa ta biyo. Aman yakan lafa bayan kwana 1 ko 2, gudawar ta ci gaba. Waɗannan kwana biyun farko su ne mawuyata, don ruwa na fita ta sama da ta ƙasa, kuma abin da aka ba yaro yana dawowa. Kashin rota ba ya zuwa da jini. In an ga jini, wani ciwon ne.

Da ido ba a iya tabbatar da cewa rota ce, sai an gwada kashi. Amma jinya ba ta jiran gwaji, don ko rota ce ko wata ƙwayar, matakin farko ɗaya ne.

Duba yaron kafin komai

Abubuwa huɗu ake dubawa, kuma uwa za ta iya a tsakar gida. Na farko, yanayinsa: yana wasa da kallon mutane, ko yana ta rigima ba ya rarrasuwa, ko kuwa ya yi lakwas, ana tashinsa yana komawa? Na biyu, idanu: sun faɗa? Uwa ta fi likita sanin wannan, don ita ta san yadda idon ɗanta yake. Na uku, a miƙa masa ruwa: ya sha kamar kullum, ya fizga yana kwankwaɗa da haɗama, ko ya kasa sha? Na huɗu, a kwantar da shi rigingine, a kama fatar cikinsa tsakanin cibiya da gefe da babban yatsa da manuniya, a ɗaga na daƙiƙa ɗaya, a saki. Ba da farce ba, kuma a kamo har da tsokar da ke ƙarƙashin fatar. Ta koma nan take, ko a hankali, ko ta tsaya fiye da daƙiƙa 2?

Idan aka samu biyu daga cikin waɗannan: rigima marar dalili, faɗawar ido, shan ruwa da haɗama, fata mai komawa a hankali, to ruwan jikinsa ya ragu, yana buƙatar a kai shi asibitin da ke kusa a ranar, ana ba shi ORS, wato ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, a hanya. Idan kuwa biyu ne daga cikin waɗannan: lakwas ko suma, faɗawar ido, kasa sha, fata mai tsayawa fiye da daƙiƙa 2, to ruwan ya ƙare sosai, ba a jiran gari ya waye.

Akwai ƙarin alamu masu taimako: kuka babu hawaye, busasshen baki, da rashin fitsari na awa 6 ko fiye. Sai maɗiga. Idan maɗigar jariri ta lotsa yana gudawa, ba wani ciwo ne na daban da ake shafa wa magani a ka ba. Ruwan jikinsa ne ya ragu, kuma da an mayar da ruwan za ta ciko. Haka nan kai shi wurin wanzami a cire beli saboda yana amai ba ya tsayar da aman. Yana ƙara masa ciwon maƙogwaro da zubar jini a daidai lokacin da ake so ya haɗiyi ruwa.

Haɗa ORS

ORS gari ne a ƙunshi, ana samunsa a asibiti da kemis, sau da yawa a kwali ɗaya da ƙwayar zinki. Aikinsa ya dogara da wata hanya a bangon hanji wadda ke ɗaukar gishiri da gulukos tare, ruwa ya bi su. Wannan hanyar ba ta mutuwa gaba ɗaya ko da gudawa ta yi tsanani, amma sai ma'aunin gishirin da sukarin ya daidaita take aiki. Saboda haka yawan ruwan da aka zuba ba abin wasa ba ne.

A karanta jikin ƙunshin. Mafi yawa na lita 1 ne, amma akwai na rabin lita. Lita 1 ita ce robar lemo mai 50cl cike sau biyu, ko ruwan leda biyu in an rubuta 50cl a jikinsa. A wanke hannu da sabulu, a samu kwano ko jug mai murfi, a zuba ruwan da aka tafasa ya huce ko wani tsabtataccen ruwan sha, a juye garin duka, a motsa har ya narke. Kada a raba garin biyu da ido a ce za a haɗa rabi, don sinadaran ba lalle su rabu daidai ba. Kada a ƙara sukari don ya yi daɗi, kada a haɗa shi da madara ko kunu ko lemo, kada a tafasa shi bayan an haɗa. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne ƙarancin ruwa: a juye ƙunshin lita ɗaya a kofi ɗaya don "ya yi ƙarfi". Gishiri zai yi wa jinin yaro yawa, ƙishirwa ta ƙaru, har ta kai ga jijjiga da taɓuwar ƙwaƙwalwa. In ruwan ne ya yi yawa, haɗin ya yi salam, ba ya mayar da gishirin da ya fita.

Idan dare ne kuma babu ORS, ana iya haɗa ruwan gishiri da sukari na wucin gadi: lita 1 na ruwa, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri a shafe. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Wannan ba ya da fotasiyam, wani gishirin da jiki ke rasawa a gudawa, don haka da gari ya waye a nemi na ƙunshi. Gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 2 ya kamata a ce akwai ƙunshi biyu ko uku a ajiye tun kafin sanyi ya shigo.

Yadda ake ba shi, musamman in yana amai

Ga yaron da ruwan jikinsa bai ragu ba tukuna, bayan kowane zawo: ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi mililita 50 zuwa 100, wato cokalin shayi 10 zuwa 20. Ɗan shekara 2 zuwa sama, mililita 100 zuwa 200. In ya nemi ƙari a ba shi.

A nan ne iyaye da yawa ke karaya. Yaro yana jin ƙishirwa, a miƙa masa kofi, ya shanye a tashi ɗaya, ya dawo da shi duka, sai a ce ORS ɗin bai karɓe shi ba. Ba ORS ba ne, yawan ne. Cikin da ke tashi ba ya riƙe kofi guda, amma yana riƙe cokali guda. Ki zaunar da shi a cinya, kansa a ɗage, ki ba shi cokalin shayi ɗaya duk minti 1 zuwa 2. Sirinji marar allura ma yana yi, a riƙa ɗiga masa ta gefen kunci, ba tsakiyar maƙogwaro ba. In ya yi amai, ki dakata minti 10, ki ci gaba a hankali, cokali ɗaya duk minti 2 zuwa 3. Ko yana amai, wani kason yana wucewa hanji. Cokali ɗaya duk minti biyu mililita 150 ke nan a awa ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin ruwa ba ne ga jariri.

Aiki ne mai cin rai da hana barci, bai kamata a bar wa mutum ɗaya ba. Uba, kaka, abokiyar zama ko babbar ya su karɓi uwa. Amma ba a yi wa yaro ɗura, a toshe masa hanci a tuttula. Ruwan na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Yaron da ya yi lakwas har ba ya iya haɗiya, ba a zuba masa komai a baki, asibiti za a nufa. In fatar idonsa ta kumbura, ORS ya isa haka. A dakata, a ba shi nono ko ruwa zalla, a koma bayan kumburin ya saɓe in har gudawar na nan.

Nono, abinci da zinki

Ba a tsayar da nono. A ƙara yawan shayarwa ma, ko da kaɗan-kaɗan ne. Uwar da ta samu ciki tana goyo ita ma ta ci gaba. Nononta bai lalace ba, kuma yaye yaro rana tsaka yana cikin gudawa hanya ce ta kai shi ga tamowa. Mai shan madarar gwangwani a ci gaba da haɗa masa yadda aka saba, kada a tsinka ta, kuma kofi da cokali sun fi bulumboti sauƙin wankewa.

Wanda ya wuce wata 6 a ci gaba da ba shi abinci da zarar ya iya karɓa, kaɗan-kaɗan wajen sau 6 a wuni: kunun gero ko na gyaɗa mai kauri, faten dankali, shinkafa mai laushi da wake da aka dama, ƙwai, kifi, a zuba cokalin shayi 1 ko 2 na mai a kowane zubi. Ayaba tana mayar da fotasiyam. Hana abinci don "hanji ya huta" kuskure ne; da abincin ne bangon hanjin ke gyaruwa. Bayan gudawar ta tsaya a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako 2, ya mayar da abin da ya zube.

Zinki yana rage tsawon gudawar da tsananinta, yana kuma rage yiwuwar dawowarta a wata biyu zuwa uku masu zuwa. Ma'aunin da aka saba shi ne ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum ga ɗan wata 6 zuwa sama, rabin ƙwaya ga ɗan wata 2 zuwa 6, na kwana 10 zuwa 14. Ana narkar da ita a cokali da ɗan nono ko ORS. Abin da ke ɓata aikinsa shi ne a daina rana ta uku don gudawa ta tsaya. A cika kwanakin. Wasu yara kan yi amai bayan shansa, don haka ya fi kyau a ba su bayan sun ci wani abu. Wani gwaji da aka yi a Indiya da Tanzaniya, aka wallafa a 2020, ya nuna miligiram 5 ko 10 ma yana aiki kuma aman ya fi sauƙi, saboda haka in yaro na dawo da shi a gaya wa ma'aikacin lafiya ya duba ma'aunin, kada a watsar.

Ɗuwawun da kashi ya cinye a wanke da ruwa zalla bayan kowane zawo, a tsane da tsumma mai laushi, a shafa man kaɗe ko basilin, a bar shi ya sha iska.

Abin da ba a bayarwa

Flagyl, Septrin da kafso ja-da-rawaya su ne aka fi saya a kemis idan yaro ya fara zawo. Ba ɗayansu da ke taɓa rota, don antibayotik bakteriya yake kashewa. Abin da suke yi shi ne su kashe ƙwayoyi masu amfani a hanji, wani lokaci su tsawaita gudawar, su kuma cinye kuɗin da za a hau mota da shi. Kafso ja-da-rawaya yana ɓata haƙoran yara ma. Antibayotik yana da gurbinsa, idan akwai jini a kashi, ko ana zargin kwalara, ko akwai wani ciwon tare, kuma likita ne ke zaɓa.

Maganin tsayar da gudawa irin Imodium haramtacce ne ga ƙananan yara. Yana tsayar da motsin hanji, ruwan ya taru a ciki, ciki ya kumbura, a zaci an samu sauƙi alhali yaro na ci gaba da bushewa. Phenergan da ire-irensa na tsayar da amai suna sa barci mai nauyi, yaro ya kasa sha, kuma suna da haɗari ga ɗan ƙasa da shekara 2. Lemon kwalba, Maltina, Lucozade, lemon kwali da ruwan gulukos sukarinsu ya yi yawa, gishirinsu ya yi kaɗan, suna ƙara janyo ruwa zuwa hanji. Jiƙo, dauri da ruwan kanwa ba a san ma'auninsu ba, kuma ƙodar yaron da ruwa ya ƙare masa ba ta iya tace su.

Lokacin tafiya, da abin da za a tarar

Ban da alamun ƙarewar ruwa, a tafi asibiti idan jaririn bai kai wata 2 ba. Idan yana amayar da komai. Idan akwai jini a kashi. Idan ya yi jijjiga. Idan cikinsa ya kumbura ko amansa kore ne. Idan zazzaɓi ya yi zafi, don sai an gwada zazzaɓin cizon sauro. Idan kwana 3 sun wuce babu sauƙi. Ko gudawar ta kai kwana 14. Maigida da zai yi tafiya ko zai kwana a wurin aiki ya bar izini da kuɗin mota tun da wuri. Awannin da ake ɓatawa ana jiran dawowarsa su ne sau da yawa ke mayar da ciwon da cokali zai warkar ya koma na ƙarin ruwa.

A asibiti za a auna nauyin yaron, don da shi ake lissafi. Wanda ruwansa ya ragu amma yana iya sha, ana ba shi ORS mililita 75 a kan kowane kilo cikin awa 4. Mai kilo 8 zai sha mililita 600 ke nan, uwar ce ke bayarwa a gaban nas, sannan a sake duba shi. Iyaye kan ji haushi a nan, su ce sun zo a yi ƙarin ruwa an miƙo musu kofi da cokali. Ba rowa ba ce kuma ba sakaci ba ne. Ga yaron da ke iya sha, ta baki ta fi aminci kuma tana aiki daidai da ta jijiya.

Wanda ruwansa ya ƙare sosai shi ake sa wa ruwa ta jijiya, yawanci ruwan Ringer, mililita 100 a kan kowane kilo. Ɗan ƙasa da shekara 1 ana ba shi 30 a kan kilo a awa ta farko, sauran 70 cikin awa 5. Wanda ya wuce shekara, 30 cikin rabin awa, 70 cikin awa biyu da rabi. Da ya fara iya haɗiya ake haɗa masa da ORS. In an kasa samun jijiya, ana zura siririn tiyo ta hanci zuwa ciki a riƙa ba shi mililita 20 a kan kilo duk awa har awa 6. Mai jinya kada ta taɓa maƙunnin ruwan don ya yi sauri, kuma in ta ga hannun ya kumbura ko numfashin yaron ya ƙaru ta kira nas. Ana kuma duba sukarin jini, don yaron da ya kwana bai ci ba sukarinsa kan faɗi ya yi lakwas.

Yaro mai tamowa mai tsanani, wanda ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, dokarsa daban ce, kuma irinsu suna da yawa a ɗakunan jinyarmu. Fatarsa da idonsa kan nuna kamar ruwa ya ƙare ko da bai ƙare ba, zuciyarsa kuma ba ta ɗaukar ruwa mai yawa a lokaci guda. Ana ba shi wani haɗin na musamman mai suna ReSoMal, mai ƙarancin gishiri da ƙarin fotasiyam, mililita 5 a kan kilo duk rabin awa na awa 2 na farko, ana lura da numfashi da bugun zuciya. Ba a sa masa ruwa ta jijiya sai in ƙarfin bugun jininsa ya faɗi ƙwarai. Irin wannan yaro ba a yi masa ƙarin ruwa a kemis ko a gida, ko da wanda zai sa ya iya samun jijiya.

Hana ta zagaya gida

Kashin yaro mai rota yana ɗauke da biliyoyin ƙwayoyi a giram ɗaya, alhali ƙasa da 100 sun isa su kama wani. Tana rayuwa awanni a hannu, kwanaki a kan tabarma, fo, buta da kayan wasa, kuma yaro kan ci gaba da fitar da ita fiye da mako bayan ya warware. A zubar da kashin a masai, ba a bola ko bayan ɗaki ba. A wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba bayan yi wa yaro tsarki da kafin taɓa abinci. Fo da wurin da kashi ko amai ya zuba a wanke, sannan a zuba bilic: in mai ƙarfin kashi 3.5 ne, kofi 1 a kofi 6 na ruwa, a bar shi minti 10. A ware masa kofinsa da cokalinsa. A ɗakin jinya, masu jinya su daina aron kofi, zani da fo a tsakaninsu, komai zumunci.

Duk da haka, tsabta tana rage rota ne kawai, ba ta kawar da ita. Ƙasashen da ke da famfo a kowane gida, irin Amurka da Ingila, sun ci gaba da kwantar da dubban yara duk sanyi har sai da rigakafi ya zo.

Rigakafin

Ɗigo ne a baki, ba allura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace ƙasa ta sa shi a jadawalinta tun 2009. Sudan ta fara a 2011, Gana a 2012, Kamaru da Nijar a 2014. Nijeriya ta fara a watan Agusta na 2022, da jihohin Arewa 19 da Abuja, sannan Kudu ta biyo. A Nijeriya da nau'in Rotavac aka fara, ɗigo 5 a kowane zuwa, sau uku: mako 6, mako 10 da mako 14, rana ɗaya da allurar Penta da ɗigon shan inna, kyauta a asibitocin gwamnati. Akwai wani nau'in, Rotarix, mai zuwa biyu kawai. A duba katin yaro a ga an cike gurbin Rota, don wani lokaci ana yin sauran a tsallake shi in ya yanke a ranar.

Ba ya hana kowace gudawa, kuma ya kamata a faɗa wa iyaye haka tun farko don kada su ce bai yi ba. Daga rota kaɗai yake karewa, kuma babban aikinsa hana mai tsananin da ke kai wa ga kwanciya. A ƙasashe masu arziki kariyarsa ta haura kashi 85 cikin 100. A Afirka da Kudancin Asiya takan tsaya tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku. Gwajin da ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyarta ta bincike suka yi a Madarunfa ta jihar Maraɗi a kan wani nau'in mai jure zafi, Rotasiil, wanda aka wallafa a 2017, ya sami kariyar kusan kashi 67. Inda ciwon ya fi yawa da kisa, ko rabin kariya yana kuɓutar da yara fiye da cikakkiyar kariya a inda ciwon ba ya kisa.

Lokaci shi ne abin kiyayewa. Tunda rota a nan tana kama yara tun suna 'yan watanni, ɗigon da aka jinkirta zuwa wata 9 ya bar yaro a buɗe a lokacin da ya fi buƙata. In an makara a je dai, ma'aikaciyar za ta duba shekarunsa ta ci gaba daga inda aka tsaya, ba a sake farawa daga farko. Mura ko ɗan zazzaɓi ba sa hanawa, ana kuma iya shayar da shi kafin ɗigon da bayansa. Wanda ke cikin amai da gudawa mai ƙarfi a bari ya warware tukuna.

Akwai matsala ɗaya da ba kasafai ake ganinta ba, wato wani sashen hanji ya zurma cikin na gabansa. Tana faruwa ga jarirai ko babu rigakafi, kuma a wasu ƙasashe an ga ƙarin kimanin 1 zuwa 6 cikin yara 100,000 da aka ɗiga wa, yawanci a makon farko bayan ɗigon farko. Sa-idon da aka yi a ƙasashen Afirka 7 kan Rotarix, aka wallafa a 2018, bai ga wannan ƙarin ba. Alamunta su ne kuka mai tsanani da ke zuwa ya lafa ya dawo, yaro na naɗe ƙafafu zuwa ciki, amai, da kashi mai majina da jini. In an ga haka a nufi babban asibiti mai ɗakin tiyata kai tsaye, a tafi da katin rigakafin. Jaririn da ya taɓa yin wannan matsala ba a ƙara ɗiga masa rota.